Rakiyar Gwamna Kuang

A zamanin da, can ƙasar Sin, an yi wata daula da ake kira Lanhe, wadda ta fi duk daular da na taɓa jin labarinta son doka. Sarautunsu suna da nasu sunaye masu wuyar faɗa, saboda haka zan kira kowa da sarautarmu da ta fi kusa da tasa. Cikin dokokinsu akwai biyu da wannan labari ya rataya a kansu. Ta farko, ba a ba mutum mulkin lardin da aka haife shi, kuma ba a barinsa ya wuce shekara uku a wuri ɗaya, don kada ya yi abokai ya fara karkata. Ta biyu, ranar da ma'aikacin sarki ya ji mutuwar uwarsa ko ubansa, daga wannan lokaci hannunsa ya haramta ga hatimi. Dole ya miƙa shi ga mataimakinsa, ya sa fararen tufafi, ya koma gida ya yi makoki na wata ashirin da bakwai. Wanda ya ɓoye mutuwar don ya ci gaba da mulki, hukuncinsa kisa ne.

Kuang Boyan ɗan manomi ne daga wani ƙauye mai suna Shikou. Yana da shekara ashirin da huɗu ya ci babbar jarrabawar fada, aka ba shi ƙaramar gunduma, daga nan aka yi ta jifa da shi gabas da yamma. Ya haƙa magudanan ruwa a wani lardi, ya kashe fitina a wani, ya binne matarsa a na shida. Ko'ina da zarar ya fara gane fuskokin mutane sai takardar canji ta iso. Da ya kai shekara hamsin da bakwai yana gwamnan lardin Tongshui, wuri na goma sha ɗaya da ya riƙe, kuma ko gaisuwa bai iya da harshen talakawan wurin ba, sai ta bakin tafinta. Ana girmama shi, ana tsoronsa, amma shi kaɗai yake cin abinci. Ni dai ban ga abin sha'awa a irin wannan girma ba.

A shekararsa ta uku a Tongshui masu fasa-ƙwaurin gishiri na bakin teku suka yi tawaye. Suka tara jiragen ruwa ɗari huɗu, suka biyo Baƙin Kogi suna ƙone garuruwa, suka nufo Anmen, babban birnin lardin. Shi kuwa Anmen kashi biyu ne. Akwai Tudu, inda ganuwa take da gidajen manya, ba ya ɗaukar fiye da mutum dubu biyar. Akwai Gangare a bakin ruwa, inda masunta da masaƙa da iyalansu suke, mutum dubu arba'in, babu ko shingen kara tsakaninsu da kogi.

Da hantsi Gwamna ya tara majalisa. Malamin taurari ne ya fara magana, ya ce kwana uku ke nan balbelu suna barin bakin kogi suna yin yamma, kuma jiya an ga farin gajimare ya tsaya cak a kan gidan gwamna, alamar za a sa fari a gidan.  Gwamna ya yi masa godiya, ya ce a ci gaba.

Madawaki Teng, shugaban mayaƙa, ya tashi ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, jiragen 'yan gishiri gobe da safe za su iso Maƙoshin Damisa, mashigin nan da ke kan iyakar lardinmu, inda duwatsu suka matse kogi har jirgi shida ba sa jerawa. Idan muka tare su a can, yawansu ba zai amfane su ba. Idan muka bari suka fito fili, to, Gangare ya zama toka. Mayaƙa dubu uku gare ni. Ka buga hatimi kawai, in fita yau."

Galadima Duan, mataimakin gwamna, ya gyara zama. Shi surukin Waziri ne na can babbar fada, kuma Wazirin ya daɗe yana jin haushin Kuang, tun ranar da Kuang ya rubuta wa Sarkin Sarakuna cewa harajin gishirin da Waziri ya ƙago ne zai jawo wannan tawaye. Galadima mutum ne mai taushin murya. Ko hukuncin bulala zai yanke, sai ka ɗauka gaisuwa yake yi.

"Ranka ya daɗe, Madawaki jarumi ne, ba mai musu. Amma mayaƙan nan amanar Sarkin Sarakuna ne, ba namu ba. Idan muka zubar da su a kogi, me za mu ce? Mu shige Tudu mu rufe ƙofa. Ganuwa za ta riƙe mu wata biyu, kafin nan taimako ya iso."

"Mutanen Gangare fa?" in ji Gwamna.

"Talaka, ranka ya daɗe, ya san hanyar daji."

Gwamna ya kawar da kai daga gare shi. Ya sa magatakarda ya rubuta umarnin fita yaƙi, aka ɗauko hatimi cikin akwatinsa aka ajiye a gabansa. Yana miƙa hannu ke nan sai aka ji hayaniya a ƙofa. Dogarai suka shigo da wani dattijo ƙaƙƙarfa, baƙin rana, sanye da farar riga ta rama wadda ba a kalmashe bakinta ba. Duk wanda ke zauren ya san ma'anar wannan riga. Mutumin ya tsaya yana duban fuskokin manya ɗaya bayan ɗaya, ya rasa wanda yake nema, sai ya ɗaga murya da harshen Shikou, wanda babu mai jinsa a zauren sai mutum ɗaya.

"Ina yayana Boyan?"

Gwamna ya daskare. Shekara goma sha tara rabonsa da jin wannan harshe, rabonsa kuma da wanda ya kira shi da sunansa tsirara. Ya dube shi da kyau, sai ya ga goshin ubansu.

"Bolin? Ƙanena, kai ne?"

Bolin ya durƙusa. "Yaya, Inna ta rasu."

Ba a buƙaci tafinta ba. Gwamna ya janye hannunsa daga akwatin a hankali ya ɗora a cinya. Ya tambayi yaushe. Bolin ya ce wata biyar ke nan. Tun sati biyu da binne ta ya kamo hanya, amma ana saura zango biyu ya iso, wasu mutanen kirki daga gidan Waziri suka tare shi, suka ce hanya ba lafiya, suka ajiye shi suna ba shi nama da shinkafa har wata uku da rabi. Shekaranjiya suka ɗora shi a doki, suka ce ya sa farar rigarsa ya shiga har cikin majalisa, kada ya tsaya a gida. Bolin yana faɗa yana yaba musu. Allah Sarki, bai san da shi aka ɗaure yayansa ba.

Galadima ya sauko daga wurin zamansa, har da matse ƙwalla.

"Ranka ya daɗe, wannan rashi na dukanmu ne. Amma ga Alƙali zaune, shi ya fi mu sanin doka."

Alƙali Fan tsoho ne tukuf, ya haddace littafin doka kamar yadda uwa ta san 'ya'yanta, kuma bai taɓa karkata shi don kowa ba. Ya miƙe da ƙyar, bai iya duban Gwamna ba.

"Ranka ya daɗe, kunnenka ya ji a gaban shaidu. Hannunka ya haramta ga hatimi. Sarkin Sarakuna kaɗai ke iya ɗage maka makoki, kuma tsakaninmu da shi tafiyar kwana ashirin ce."

Madawaki ya matso ya yi ƙasa da murya, amma kowa ya ji. "Bugu ɗaya ne, ranka ya daɗe. Ka buga. Wanda ya ce ya gani, ni da shi ne."

Gaskiya ita ce Kuang ya yi tunanin bugawa. Ya san idan ya buga za a sare kansa, wannan bai dame shi sosai ba. Abin da ya hana shi, umarnin da mai makoki ya buga ba umarni ba ne. Galadima zai soke shi kafin mayaƙa su kai bakin ruwa, Madawaki kuma ya zama ɗan tawaye. Sai ya ce wa magatakarda ya ɗauki akwatin ya kai wa Galadima. Ya tuɓe hularsa da alkyabbarsa ya ajiye a kan kujera, aka kawo masa farar riga ya sa, ya sauka ya zauna a ƙasa kusa da ƙaninsa. A nan ya yi kuka, kukan gaske, ba na al'ada ba, manya suna tsaye sun rasa inda za su sa idonsu.

Galadima bai ɓata lokaci ba. Ya yage umarnin fita yaƙi, ya ce a fara kwashe hatsi zuwa Tudu, a rufe ƙofa kafin magariba.

Kuang ya share fuska ya dubi Alƙali daga inda yake zaune.

"Alƙali, yanzu ni ba kowa ba ne, tambaya kawai nake yi. Mai makoki ta wace hanya doka ta ce ya koma gida?"

"Ta hanya mafi kusa, ba tare da jinkiri ba, kuma ba mai ikon tsare shi."

"Hanya mafi kusa zuwa Shikou ta kogi ce, ta Maƙoshin Damisa. To, gwamnan da ya sauka, wa ke raka shi?"

Alƙali ya ɗago kai. A karo na farko ran nan ya dubi Kuang ido cikin ido.

"Mayaƙan birni ne ke raka shi, da makamansu, har dutsen iyaka. Haƙƙinsa ne. Wanda ya gaje shi ba ya hanawa, in ya hana ya wulaƙanta kujerar da shi kansa yake kai."

"Mutum nawa?"

"Doka ba ta faɗi adadi ba. Ta bar wa Madawaki, gwargwadon girman da yake ganin mai tafiya da shi."

Madawaki Teng ya yi gyaran murya. "Ni kuwa ina ganin girmansa ƙwarai. Ƙasa da dubu uku raini ne."

Galadima ya miƙe, taushin muryar nan ya tafi. Ya ce wannan wasa da hankali ne, ya ce zai rubuta wa Waziri. Alƙali ya ce ya rubuta, ga takarda ga tawada, amma doka ke nan, kuma ɗazu shi Galadima ne ya nemi a ji ta. Kuang ya ƙara tambaya ko mai makoki yana da izinin ɗaukar tattakar ciyawa da zai kwanta a kai, tunda an hana shi gado, da man fitilar da zai kunna a kabari. Alƙali ya ce yana da shi, kuma nan ma ba a faɗi yawa ba. Kafin la'asar an cika kwale-kwale talatin da busasshiyar tattaka, an jiƙe ta da mai. Ban taɓa jin mai makokin da ya buƙaci shimfiɗa haka ba.

Da za a tashi, Kuang ya ja ƙaninsa gefe a bakin ruwa.

"Bolin, kai ka bi ta tudu. Zan sa a ba ka doki, mu haɗu bayan iyaka. Jirgina ne zai shiga gaba, kuma ni suke nema."

"A'a, Yaya. Kafin ta rasu Inna ta ce in je in zo da kai, kada in sake ka a hanya. Ta ce tun kana yaro in aka aike ka sai ka tsaya gyaran abin da ba naka ba."

Kuang ya yi dariya, hawaye na zuba. Ya kamata ya dage. Da ya yi wa dogari ɗaya ishara, da an ɗora Bolin a doki ko yana so ko ba ya so. Bai yi ba, kuma ba zan ɓoye dalilin ba: yana son ya ƙara jin harshen gida na 'yan sa'o'i. Mutumin da ya auna komai daidai ran nan, a nan kaɗai ya bi son zuciyarsa.

Suka gangara. Jirgin makoki a gaba da farar tuta, kwale-kwalen tattaka a baya, mayaƙa suna bin gaɓa biyu a ƙasa. Mutanen Gangare sun fito sun yi cirko-cirko suna kallo, wasu suna cewa gwamna ya gudu ya bar su. Tafinta ya so ya ɓoye masa, Kuang ya ce ya gane daga fuskokinsu. A cikin jirgi Bolin ya yi ta ba shi labari. Ya faɗa masa wanda ya mutu da wanda ya yi aure, da yadda ambaliya ta cinye gonar gabas, da yadda Inna take sa a karanta mata tsofaffin wasiƙunsa duk da ba ta jin harshen fada. Ya ce shi ma ya yi aure tun shekara goma sha biyar, matar sunanta Sulan, 'ya'yansu uku, babban an sa masa Boyan. Kuang bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Washegari rana ta ɗan ɗaga suka isa Maƙoshin Damisa. Madawaki ya riga ya raba 'yan baka a kan duwatsun hagu da dama, sun kwanta cikin ciyawa. Kuang bai ba da umarni ko ɗaya ba, bai da iko. Ya dai miƙe tsaye a goshin jirgi cikin farar rigarsa inda kowa zai gan shi.

'Yan gishiri suka hango shi daga ƙasan mashigi. Shugabansu ya daɗe da yin alkawarin buhun azurfa ga wanda ya kamo gwamna da rai, saboda haka ba wanda ya tsaya jiran wani. Jirage suka yi ta kutsowa cikin matsatsin, suna gogar juna, masu tuƙi suna zage-zage, na baya suna tura na gaba. Da suka cunkushe sosai Madawaki ya sa aka buga ganga. Aka cinna wa kwale-kwalen tattaka wuta aka sake su, ruwa da iska suka kwashe su zuwa cikin taron. 'Yan baka suka miƙe a kan duwatsu.

Aikin da ya rage wa jirgin makoki shi ne ya kauce zuwa gaɓa kafin wuta ta riske shi daga baya. Amma matuƙinsa da ya ga kibau suna sauka, sai ya yar da gorar tuƙi ya faɗa kogi. Jirgi ya fara juyawa a tsakiyar ruwa. Kuang ya kama gorar, hannun da bai san komai ba sai alƙalami, ta kuɓuce masa. Bolin ya ture shi ya zaunar.

"Zauna, Yaya, wannan ba aikinka ba ne."

Ya kafa gora ya tunkuɗa, ya sake kafawa ya tunkuɗa, har goshin jirgi ya daki yashi. Wutar ta wuce su da zafinta. Sai da suka tsaya Kuang ya ga kibiya a ƙarƙashin haƙarƙarin ƙaninsa, ta shige har rabi. Bolin ya zauna a hankali, ya dubi kibiyar kamar mai mamaki, ya ce yana jin ƙishirwa. Kuang ya ɗebo ruwa da tafin hannu. Kafin ya juyo an gama.

Yaƙin bai kai azahar ba. Jirage sama da ɗari biyu suka ƙone a cikin mashigi, sauran suka juya suka bi ruwa, ba su ƙara dawowa ba. Gangare ya tsira, ko bukka ɗaya ba a taɓa ba.

Madawaki Teng ya iske Kuang a gindin dutsen iyaka zaune kusa da gawa. Ya durƙusa, kayan yaƙinsa duk toka.

"Ranka ya daɗe, nan doka ta tsayar da mu. Zan rubuta wa fada abin da ya faru, da sunanka a sama."

"Kada ka yi. Idan sunana ya fito, an ce mai makoki ya ja runduna, kai kuma ka yi yaƙi ba umarni. Da kai da Alƙali duk za ku tafi. Ka rubuta Galadima Duan ne ya tsara, ka kai masa ya buga hatimi. Zai buga da murna, kuma daga ranar ba zai iya tona ku ba."

"Kai fa, ranka ya daɗe?"

"Ka ce an raka wani mai makoki, an rabu lafiya. Abu ɗaya nake roƙo. Cikin sunayen waɗanda suka faɗi, ka sa Kuang Bolin, manomi, mutumin Shikou."

Haka aka rubuta. Rundunar ta juya da ganguna da tutoci, Kuang yana jin kiɗan yana nisa har ya ɓace. Kafin wata biyu takarda ta zo daga fada, aka tabbatar wa Duan kujerar gwamna, aka ba shi alkyabbar girma, mutanen Gangare kuma suka kafa masa dutsen tunawa a kasuwa. Ba na ganin laifinsu, abin da aka karanta musu ke nan.

Shi kuwa Kuang ya sayi akwatin gawa a garin farko bayan iyaka, ya yi hayar keken shanu, ya bi shi a ƙasa. Kwana talatin da ɗaya yana tafiya. Ya isa Shikou da rana tsaka, ya tarar an sare itacen da yake gane unguwarsu da shi, sai da ya yi tambaya sau biyu kafin aka nuna masa gidan ubansa. A ƙofar gidan wata mata tana shanya wake a tabarma, yara uku suna taya ta. Ta ɗago ta ga tsoho cikin farar riga, ta ga keken shanu da abin da ke kai an rufe da tabarma. Ta goge hannu a zane, ta ɗan rusuna yadda ake yi wa baƙo.

"Sannu da hanya, Baba. Maigidan ya yi tafiya, ya je ɗauko yayansa, muna sa ran su kowace rana. Wa kake nema?"